TSEREN KWALE-KWALE: FILAFILI DA YAWA, BUGU ƊAYA

Kontagora gari ne na tudu, na manoma da 'yan kasuwa da mahaya dawaki, saboda haka mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da zancen tuƙin jirgi. To, ai ko sunan garin ma daga bakin ruwa ya samo asali. Masu ba da tarihi sukan ce lokacin da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya iso bakin kogin wannan wuri da jama'arsa, sai ya umarce su da su ajiye gorunansu na ruwa, wato tafiya ta ƙare. Daga wannan magana ta "kwanta gora" aka sami sunan garin, wanda ya kafu a 1864.

Kogin nan na Kontagora gangarawa yake yi har ya faɗa cikin Kwara. Tafkin Kainji yana yamma da masarautar, ƙasashen Kambari irin su Auna da Salka kuwa ba su da nisa da gaɓarsa. Babbar hanyar mota da ta tashi daga Kontagora ita ce ke bi ta Yelwan Yawuri ta wuce Koko da Jega har Sakkwato, ta nan ne kuma kifi da albasar bakin kogi ke shigowa kasuwannin tudu. A farkon zamanin Turawa ma, Yawuri da Borgu duk a cikin Lardin Kontagora suke. Ashe ke nan abin da ya shafi mutanen ruwa ya shafi mutumin Kontagora, ko da bai taɓa riƙe filafili ba.

Akwai wani abu da mutanen ruwa suka daɗe da sani, wanda sai a baya-bayan nan masana kimiyya suka tsaya suka auna shi. Idan mutane da yawa suka shiga jirgi ɗaya suna tuƙi da bugu ɗaya, akan kai wani lokaci da kowannensu yake daina jin kansa shi kaɗai, sai ya ji kamar shi da abokan tuƙinsa jiki ɗaya ne. A wasu ƙasashe an ɗauki wannan haɗin zuciya an ɗaura shi a kan aikin agaji, ana yin tseren jirage don tara kuɗin taimakon marasa lafiya da marayu. A yankin Kainji akwai jiragen, akwai gwanayen tuƙin, sa'an nan akwai bukatar da ta kai a tara mata kuɗi.

ASALIN RIGATA

Tseren kwale-kwale mafi kusa da Kontagora shi ne na bikin Rigata da ake yi a Yelwan Yawuri cikin Jihar Kebbi. Kalmar daga Turanci aka aro ta, amma al'adar ta riga zuwan Turawa. Tushenta yana wurin Gungawa, wato mazauna tsibiran Kwara, waɗanda ke kiran kansu Reshe. A da can jarumawansu sukan fita cikin jirage manya da ƙanana su yi farautar dorinar da ta addabi masunta da manoman bakin ruwa. Wannan fita tana zama horo ga samari masu tasowa, tana kuma nuna wa maƙwabta irin ƙarfin da mutanen tsibiri ke da shi a kan ruwa.

Farautar dorina kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Dabba ce wadda namijinta kan kai kilo 1,500 ko ya fi, tana iya kifar da jirgi da tunkuɗa ɗaya. Mai riƙe da mashi yana tsaye a goshin jirgi, ransa kuwa yana hannun masu tuƙin da ke bayansa. In sun makara wajen matsawa, jifa ya kuskure. In sun makara wajen ja da baya, dorina ta same su. A irin wannan wuri ne mutum ke koyon cewa filafilinsa ba nasa ba ne shi kaɗai.

Da Turawa suka hana kisan dorina, sai abin ya koma wasa da nuna bajinta. Aka riƙa yinsa a bukukuwan manyan gidaje da kuma lokacin tarbar manyan baƙi, har an yi wa Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, lokacin da ya ziyarci Yawuri. Bayan an yi shekaru abin ya ja baya, an farfaɗo da shi a zamanin Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, inda ake tseren jirage da ninƙaya da kaɗe-kaɗen ƙabilun ƙasar.

Yawuri ba ita kaɗai ke da wannan gado ba. A Argungu, tseren kwale-kwale yana cikin wasannin Kabanci da ake yi a lokacin bikin kamun kifi, tare da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A Patigi ta ƙasar Nufe ana tseren jirage tun cikin shekarun 1950. Haka nan a Segu da Mopti na ƙasar Mali, a kan wannan kogi dai na Kwara, dogayen jirage cike da samari sukan yi tsere a ranakun biki.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIRGI

Mai kallo daga gaɓa yakan ɗauka jirgin da ya fi tara ƙarfafa shi ne zai ci. Masu sana'ar sun san ba haka abin yake ba. Jirgin tsere dogo ne siriri, don ya tsaga ruwa da sauƙi, kuma saboda sirantarsa ɗin nan ba ya yafe kuskure. Idan filafilai suka shiga ruwa a lokuta daban-daban, ƙarfin wani yakan tafi wajen ja da nauyin wani, jirgin ya riƙa tangaɗi yana tsayawa yana tashi. Idan 'yan dama suka fi 'yan hagu ƙarfi, sai goshin jirgi ya karkata, mai riƙe da akala a baya ya shiga gyara, kowane gyara kuwa yana rage gudu. Bugu da ƙari, ruwa yana ƙara turjiya ne gwargwadon yadda gudu ke ƙaruwa, har ma idan aka ninka gudu sau 2 turjiyar takan kusa ninkuwa sau 4. Don haka duk ɗan ƙarfin da aka zubar a banza, a ƙarshen tsere ake biyan bashinsa.

Saboda wannan ne kowa a jirgi yake da matsayinsa. Na gaba su ne ke kafa bugu, ana zaɓen masu natsuwa waɗanda hayaniyar 'yan kallo ba ta ruɗa su. Na tsakiya su ne ƙarfin jirgi. Na baya shi ke duban hanya, ya san inda igiya take da inda ruwa ke juyawa. Mai ganga ko mai ba da waƙa shi ke riƙe da numfashin kowa. Ƙato mai ji da ƙarfi dole ya rage nasa ya jira na kusa da shi, mai rauni kuma dole ya ƙara himma ya cim ma sahu. Babu wanda ke ganin jirgin gaba ɗaya. Abin da kowa ke gani shi ne kafaɗar wanda ke gabansa, ita yake bi, yana kuma sane da cewa na bayansa tasa kafaɗar yake bi.

To, idan aka dace duk wannan ya daidaita, masu tuƙi a ƙasashe daban-daban sukan ba da labari iri ɗaya. Ƙarar filafilai masu yawa takan koma ƙara ɗaya. Jirgin da ɗazu yake da nauyi sai a ji ya yi sauƙi kamar ya ɗago daga ruwa. Gajiya tana nan, hannu yana zafi, ƙirji yana huci, amma mutum ba ya tunanin tsayawa, domin ya san in ya ajiye filafili nauyinsa a kan 'yan'uwansa zai koma. Wannan hali ba ya daɗewa, wani lokaci mintoci kaɗan ne, amma wanda ya taɓa ɗanɗana shi yakan riƙa nemansa.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 2009 wasu masana na Jami'ar Oksfod ta Ingila, cikinsu har da Dokta Emma Cohen da Farfesa Robin Dunbar, suka ba da sakamakon wani gwaji da suka yi da 'yan wasan tuƙi 12 na jami'ar. Jami'ar nan kuwa ta san tuƙi, don tun 1829 ta fara karawa da Jami'ar Kambirij a kan Kogin Temis, ana yi da mutum 8 masu tuƙi da mai riƙe akala guda a kowane jirgi.

Yadda aka yi gwajin shi ne, aka sa samarin su yi tuƙi na minti 45 a kan na'urar koyon tuƙi. Wani lokaci kowa ya yi shi kaɗai, wani lokaci kuma a haɗa mutum 6 su yi tare da bugu ɗaya. Kafin a fara da kuma bayan an gama, sai a ɗaura wa kowa abin awon jini a damtse, a yi ta hura masa iska har ya ce zafi ya ishe shi. Aka tarar juriyarsu ga zafi tana ƙaruwa bayan kowane tuƙi, amma ƙarin da ake samu bayan tuƙin haɗin gwiwa ya kai ninki 2 na wanda ake samu bayan tuƙin kaɗaici, alhali kuwa ƙarfin da suka kashe kusan ɗaya ne.

Masanan sun danganta wannan da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki, mai suna endofin, wanda ke rage jin ciwo ya kuma sa mutum jin daɗi. Ra'ayinsu shi ne motsi da bugu ɗaya yana ƙara sakin wannan sinadari, shi ya sa mutanen da suka yi rawa ko waƙa ko aiki tare sukan tashi suna jin kusanci da juna. Gwajin ƙarami ne, mutum 12 kawai, amma abin da ya nuna bai saɓa wa abin da kowane manomi ya sani ba.

DAGA GANGAR NOMA ZUWA GANGAR JIRGI

Bahaushe ya san gayya. Mai gona ya gayyato samarin unguwa, a jera a kan kunya, mai gangar noma yana biye da su yana kiɗa yana kirari. Garma tana tashi tare tana sauka tare, gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako guda sai a tashe ta kafin azahar. Duk wanda ya taɓa shiga sahun gayya ya san noman da ya yi a ranar ya fi wanda yake yi shi kaɗai, gajiyar kuwa ba ta kai ba. A ƙasar Zuru, maƙwabciyar Kontagora, samarin Dakarkari suna da golmo, inda suke haɗa ƙungiya su yi shekaru suna nome gonakin surukan junansu bi da bi.

Abin lura a cikin gayya shi ne, amfanin aikin wani yake zuwa wa. Akan yi ta ga tsoho, ko marar lafiya, ko matar da mijinta ya rasu, ko a gyara hanya da maƙabarta da masallaci. Wato tun asali mutanen ƙasar nan sun haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya, daɗin aiki tare da kuma taimakon mabukaci. Tseren jirage don agaji gayya ce a kan ruwa: filafili a madadin garma, asusu a madadin gona.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A ƙasar Sin akwai daɗaɗɗen tseren dogayen jirage da ake yi ranar 5 ga watan 5 na kalandarsu ta gargajiya. Jirgin da aka fi amfani da shi a gasa yana ɗaukar masu tuƙi 20, da mai ganga a gaba, da mai akala a baya, kusan yadda aka saba gani a Kwara. Da wasan ya bazu zuwa Turai da Amurka, sai ƙungiyoyin agaji suka rungume shi, saboda ko wanda bai taɓa tuƙi ba yana iya koyon abin da zai ishe shi cikin ɗan lokaci. Ma'aikatan banki su fito da jirginsu, na asibiti su fito da nasu, malaman makaranta su ma haka. Kowace ƙungiya tana biyan kuɗin shiga, kowane mai tuƙi kuma yana bin dangi da abokai suna yi masa alkawarin gudummawa, a ƙarshe a tara a miƙa wa asibiti ko gidan marayu.

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni ya faru a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1996. A lokacin likitoci sukan hana matan da aka yi wa aikin ciwon dajin nono yin aikin ƙarfi da hannuwansu, don tsoron kumburin hannu. Wani likitan wasanni mai suna Dokta Don McKenzie bai gamsu da wannan hani ba, sai ya tara irin waɗannan mata 24, ya horar da su, suka shiga tseren jirage na birnin. Kumburin da ake tsoro bai same su saboda tuƙin ba. Da aka gama gwajin, matan suka ƙi watsewa, domin sun sami a cikin jirgi abin da ba su samu a asibiti ba, wato zama da waɗanda suka san ciwon ba sai an yi musu bayani ba. Daga wannan jirgi guda aka sami ɗaruruwan ƙungiyoyi irinsa a ƙasashe da yawa. Sukan tsaya bayan tsere su jera jiragensu, su watsa furanni a ruwa don tunawa da 'yan'uwansu da cutar ta ɗauke.

A Landan akwai tseren jiragen gargajiya da aka fara a 1988 a kan Kogin Temis, mai tsawon fiye da kilomita 30, wanda da yawa daga masu shigarsa don tara kuɗin agaji suke yi. Akwai ma masu ƙetare Tekun Atilantika da tuƙin hannu, su tashi daga tsibirin La Gomera a watan Disamba su nufi Antiguwa, tafiyar kimanin kilomita 4,800. Sukan yi makonni a teku suna karɓa-karɓa, wasu su yi awa 2 suna tuƙi wasu suna barci, dare da rana, kusan kowace ƙungiya kuwa da sunan wata gidauniya take tafiya.

Abin da tara kuɗi ke ƙarawa a kan tsere shi ne, yana faɗaɗa jirgin. A tseren biki, waɗanda suka zo na ƙarshe sukan koma gida da kunya. A tseren agaji, jirgin da ya zo na ƙarshe yana iya zama shi ya fi kowa tara kuɗi, kuma duk jiragen da suka kara da juna asusu ɗaya suka yi wa aiki. Mai tuƙi idan hannunsa ya mutu, bayan na gabansa da na bayansa, yana da mutum na uku da zai tuna, wato wanda ake yin abin dominsa.

RUWAN DA KE CIN MUTANE

Idan ana neman dalilin yin irin wannan tsere a yankin Kainji, ba sai an je nesa ba. An gina madatsar ruwan Kainji tsakanin 1964 da 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwan ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da gonaki masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Tafkin da ya samu ya fi kilomita 130 a tsawo. Ƙauyukan da ke gaɓarsa da yawa ba su da hanyar mota mai kyau, jirgi shi ne motarsu ta zuwa kasuwa da asibiti da biki da gaisuwar mutuwa. A ƙarƙashin ruwan kuwa har yanzu akwai kututturan itatuwan da tafkin ya rufe.

Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a kusa da Wara ta ƙasar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure. Ranar 1 ga Oktoba 2024, jirgi ɗauke da kimanin mutum 300, yawancinsu mata da yara masu zuwa Mauludi, ya kife da dare a kusa da Gbajibo ta Ƙaramar Hukumar Mokwa. A farkon Satumban 2025 kuma wani jirgin da ya ɗauko masu zuwa ta'aziyya ya daki kututture a yankin Malale na ƙasar Borgu, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa mai hedkwata a Lakwaja ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, mai hedkwata a Minna, ta rarraba riguna a garuruwan bakin kogi. Duk da haka mashigai sun fi ma'aikata yawa, fasinjoji kuma sun fi riguna yawa. Duk lokacin da jirgi ya kife, waɗanda ke fara isa wurin su ne masunta da 'yan fito na ƙauyen da ke kusa, cikin ƙananan jiragensu, su yi ta nutso da hannu kawai. Waɗannan mutane su ne dai gwanayen da ake tafa wa a ranar Rigata.

ABIN DA ZA A IYA YI

Ba sai an ƙirƙiro sabon biki ba. Ya isa a ware zagaye ɗaya a cikin tseren da ake da shi, a ce wannan na agaji ne. Kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin jirgi guda: 'yan kasuwar hatsi na Kontagora, dillalan kifi na Yelwa, direbobin tasha, ma'aikatan lantarki na Kainji, malamai da ɗaliban manyan makarantun yankin. Masunta su riƙe goshi da akala, baƙin ruwa su cika tsakiya bayan an koya musu. A jirgi ɗaya sai a sami Bagunge da Bakambare da Bahaushe da Bafulatani da Banufe, kowa yana bin kafaɗar wani. Kuɗin da aka tara a sayi rigunan kariya a ajiye a mashigai a hannun Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi, a sa alama a wuraren da aka san akwai kututture, a taimaki marayun da haɗarin jirgi ya bari.

Sai dai akwai sharuɗɗa, in ba a kiyaye su ba gara a bari. Na farko, kada tseren kansa ya jawo abin da ake gudu. Kowane mai tuƙi ya sa riga, ko ya iya ruwa ko bai iya ba, a yi da rana a wurin da ruwa ke kwance, jiragen ceto suna biye. Ganin gwanayen ruwa sanye da riga a gaban dubban jama'a zai yi aikin da sanarwar rediyo ba ta yi ba, domin mutane da yawa suna ɗaukar sa riga alamar tsoro ce.

Na biyu shi ne amana. Jama'ar ƙasar nan sun sha ganin an ƙaddamar da gidauniya da kiɗa da busa, manya su yi alkawarin maƙudan kuɗi a gaban lasifika, daga baya a ji shiru. Dole a karanta abin da aka tara a bainar jama'a tun ba a watse ba, a kuma dawo a shekara mai zuwa a faɗi riguna nawa aka saya da mashigin da aka kai su. Na uku, a tsare abin daga caca da kuma siyasar jam'iyya, don jirgin da aka liƙa wa hoton ɗan takara ya riga ya raba 'yan kallo gida biyu.

Akwai kuma matsalar tsaro, wadda ba a iya ɓoye ta. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyukan Mariga da Rijau da Magama, a watan Yunin 2021 kuma suka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Wani zai ce ina ake ta wasan ruwa a irin wannan hali? Tambaya ce mai nauyi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗaya daga cikin ɓarnar da rashin tsaro ya yi ita ce sa maƙwabta zargin juna, manomi da makiyayi, ɗan gari da baƙo. Wuraren da ake haɗa waɗannan mutane su yi gumi tare a kan abu ɗaya sun yi ƙaranci ƙwarai.

Tarihi ma ya nuna ruwa yana iya yin wannan aiki. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan ƙarni guda suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban kamun kifi don girmamawa, daga nan bikin ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kontagora da Yawuri su ma suna da nasu tsohon labarin, don a ƙarni na 19 dawakin Kontagora sun sha kai hari ƙasar Yawuri, mutane suna gudu suna fakewa a tsibirai. Jikokin mahaya da jikokin mutanen tsibiri yanzu kasuwa ɗaya suke ci, jirgi ɗaya suke shiga, in ya kife kuwa ruwa ba ya tambayar asalin kowa.

Shawara dai tana hannun masarautun Kontagora da Yawuri da Borgu, da gwamnatocin Neja da Kebbi, da ƙungiyoyin masunta da 'yan fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rigar kariya guda ɗaya a jikin mace mai goyo, a daren da jirgi ya daki kututture, rayuka biyu za ta tsirar. Allah ya kiyaye matafiya a ruwa da tudu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.